Yadda Ake Haɗa Littafin Kalmar Yau da Tarihin Rana a Makaranta

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a cikin birnin Zariya, kuma abin da zan bayyana aiki ne na minti biyar da nake yi da ɗalibai kowace safiya kafin darasin farko. Kalma ɗaya ta Hausa, sara ɗaya daga bakin matasa, abu ɗaya da ya faru a rana irin ta yau, sai tambaya guda da za a tafi da ita gida. Abokan aiki daga Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru sun sha tambayata inda nake samo abin faɗa kullum bai ƙare ba. Littafi nake da shi. Minti biyar ɗin ba su da wuya, wahalar tana wajen cika littafin, don haka a kansa zan fi tsayawa. Malama ma da ita nake, haka malamin Islamiyya, haka uban da ke son yi wa 'ya'yansa bayan sallar isha'i.

Littafin da kansa

Ka nemi babban littafi mai bangon kwali, irin wanda masu shago ke rubuta bashi a ciki. Akwai su a kasuwar Sabon Gari, akwai su wajen masu kayan makaranta a Tudun Wada. Shafi 366 kake buƙata, don 29 ga Fabrairu ma tana da nata. Idan guda bai kai ba ka sayi biyu, ɗaya Janairu zuwa Yuni, ɗaya Yuli zuwa Disamba. A saman kowane shafi ka rubuta kwanan wata kawai, ban da shekara, ban da sunan rana, domin littafin na shekaru ne, kuma ranar da ta faɗo Litinin bana ba za ta faɗo Litinin baɗi ba. A ƙarshen littafin ka ware shafi goma sha biyu na watannin Musulunci, zan zo kansu.

Rabin shafi na sama ka bar wa tarihi da ranakun haihuwa, su ne ke ƙaruwa duk shekara. Rabin ƙasa ka raba wa kalma da sara da tambaya.

Ga ƙa'idar da na fi riƙewa da ƙarfi. Duk abin da ka ji amma ba ka tabbatar ba, da fensir za ka rubuta shi. Sai ka tabbatar sannan ka bi kansa da biro. Abin da ke fensir ba ya hawa allo, ko da daɗinsa ya kai ina. Yaro ɗan shekara goma sha uku idan malaminsa ya faɗa masa abu, zai riƙe shi har ya yi furfura, ya yi musu da shi a majalisa, ya koya wa nasa 'ya'yan. Amana ce babba, kuma fensirin nan shi ke tsare ta.

Ka kuma riƙa yawo da ƙaramin littafi a aljihu. Waya tana da amfani wajen ɗaukar muryar dattijo idan ya yarda, amma waya takan lalace, takan ɓata, caji kan ƙare. Abin da ka ɗauka da rana ka juye shi a takarda da dare.

Inda ake samo kalma

Abin da na ga wasu na yi shi ne su buɗe ƙamus su tsinto kalma mai nauyi a baki, su rubuta a allo, yara su maimaita sau uku. Kafin a fita tara an manta. Kalmar da ke zama a kan yaro ita ce wadda zai iya zuwa ya ga abinta da idonsa, ko ya tambayi wani a gidansu. Mu kuwa a Zariya Allah ya hore mana irin waɗannan, ko'ina ka juya.

Ka riƙa ba kowane mako jigo ɗaya. Ɗauki ginin gargajiya. Litinin tubali, curin ƙasar da ake mulmulawa a shanya a rana. Talata azara, itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta saurin ci. Laraba makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da daɓe da shi. Alhamis zanko, tsinin nan da ke kusurwar soro. Juma'a ɗaurin guga, rufin da bakan gizo ke tasowa daga bango su haɗu a tsakiya. Ranar Juma'ar ka gaya musu cewa tsohon Masallacin Juma'a da ke kusa da fada, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19, kuma abin da ya rage na tsohon ginin yana nan a cikin sabon. Yaron da zai je masallaci da babansa ranar, sama zai riƙa kallo. Kalmar ta zauna ke nan.

Ka bar lokaci ya zaɓa maka jigo. Da kaka ka kawo zangarniya, dami, sussuka, shiƙa, ƙaiƙayi da rumbu. Da damina ka kawo huɗa da firi da maimai. Idan Sallah ta gabato, ana shirin Hawan Bariki da Hawan Daushe, lokacin sirdi ne da linzami da likkafa da ragama da jalala da lifidi. Akwai makon madafa, wanda 'yan mata kan kayar da maza a cikinsa: surfe, bakace, tankaɗe, dusa, tsaki, talge, muciya, mara. Akwai makon ɗinkin hannu, tunda garin nan an san shi da aikin babbar riga, a bambance musu aska biyu da aska takwas, in da hali ka aro riga su gani.

Makon da na fi so shi ne na kuɗin da, kuma a farkon zangon Janairu nake sa shi saboda a ranar 1 ga Janairu 1973 aka soma kashe naira da kobo. Kafin nan anini goma ne kwabo, ɗari kuma rabin kwabo ne. Ahu kwabo ɗaya da rabi, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, nai kwabo tara, sule kwabo goma sha biyu, fataka sule biyu, fam kuma sule ashirin. Da aka yi canji, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kobo goma. Yara suna cewa "ba ni da ko sisi" kullum, suna jin manya na cewa "ko anini", amma ba su taɓa sanin lissafi ne na gaske ba. Ka ba su aikin gida: mutum ya sayi goro na taro da gishiri na ahu, ya ba da sisi, nawa ne canjinsa? Kakanni ne ke amsa wannan tambayar, kuma daga nan hira kan ɓarke a gida.

Wajen karɓar kalma daga bakin mai ita, ka je da kanka. Ka gaida mutum yadda ya kamata, ka zauna, ka ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, ni malamin makaranta ne, sunan wannan abu nake so in koya wa yara." Ban taɓa ganin magini ko maƙeri ko mai sirdi da ya ƙi ba, galibi ma sai ka nemi tashi su riƙe ka. Kada ka tsaya a kan suna kawai, ka roƙe shi ya sa kalmar cikin magana, jimlarsa ita za ka rubuta. Ka sa sana'arsa da unguwarsu a gefe. Sannan ka tambayi mutum na biyu a wata unguwa. Bayan haka ne za ka duba ƙamus, ko na Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Idan ka same ta, madalla. Idan ba ka same ta ba alhali masu sana'a biyu sun tabbatar maka, ka rubuta ta da biro ka sa "Zazzau" a gefe. Ƙamus bai tattare Hausa duka ba.

Wajen rubutawa a allo ka kula da haruffa masu lanƙwasa, ka sa yara su kula. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Kuma dole ka furta kalmar da bakinka, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali: gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka wuya na jiki da wuya ta wahala.

Sai maganar Zazzaganci. Yaranmu da yawa "rigan Audu" suke cewa, "motan babanmu", "mace ne". Karin harshen iyayensu ne, kuma ba na yarda a yi wa yaro dariya a kansa a ajina. Abin da nake yi shi ne in rubuta biyun gefe da gefe, in ce wannan ta gida ce, wannan kuma daidaitacciya ce, ita ake so a takardar jarrabawa: rigar Audu, motar babanmu, mace ce. Jimlar kalmar yau wuri ne mai kyau na wannan gyara, kaɗan-kaɗan, ba tare da an muzanta kowa ba.

Sara

Akwai malaman da ke ganin sara ba ta da gurbi a aji. Ni ina ganin tana da shi. Yaro yana faɗinta ko mun so ko mun ƙi, abin da ya rage mana shi ne mu koya masa inda ake faɗinta da inda ba a faɗa.

A nan kai ne ɗalibi, su ne malamai. Ka ajiye kwali a gefen allo su riƙa jefa takarda, kai kuma ka tace a gida. Batsa ba ta shiga, zagi ba ya shiga, laƙabin ƙwaya da kayan maye ba ya shiga, haka duk abin da ke taɓa ƙabila ko addini ko lalurar wani. Wadda ta tsallake, ka tambaye su abu uku a kanta: me take nufi, su wa ke faɗinta, gaban wa ba a faɗinta. Sannan ku nemo takwararta a Hausar manya. "Ya ɗau wanka" ita ce ya caɓa ado. "Ƙwaro ne a lissafi" ita ce gwani ne. "Ya faso gari" ita ce ya samu buɗi. "Na same shi a ɓagas" ita ce da araha ko a kyauta. "Abin ya haɗu" ita ce ya yi kyau matuƙa. Yaron da ya san biyun zai yi hira da abokansa a dandali, ya kuma tsuguna gaban kawunsa ya yi magana ba a ji kunya ba.

A gefen kowace sara ka rubuta shekarar da ka fara jinta. Sara tana mutuwa da wuri, wadda ta rayu kuma tarihi take ɗauke da shi. Dattawa har yau suna cewa "zamanin Udoji", suna nufin ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata bisa rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974. "Tazarce" ta yi tashe ne a ƙarshen mulkin Janar Sani Abacha, wanda ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, har aka sa wa wata doguwar riga sunan, yanzu kuma ta zama kalmar siyasa da jarida ke bugawa. Naira ashirin ta samu sunan "Murtala" saboda hotonsa da aka sa mata a 1977, naira hamsin ta 1991 kuma "wazobiya". Sojojin baka, 'yan jagaliya, awon igiya, cuwa-cuwa, duk daga bakin titi suka taso suka shiga rediyo. Ranar da ka kawo tsohuwar sara irin wannan, ka haɗa darasi biyu a ɗaya.

Ranakun tarihi

Ka fara da na gida, sannan ka faɗaɗa. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, shugabanta na farko Norman Alexander ne, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta kuma Farfesa Ishaya Audu, daga 1966 zuwa 1975. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a garin nan, Abubakar Imam yana editanta, kamfanin Gaskiya da ke Tudun Wada kuma an kafa shi a 1945. Kwalejin Barewa a Katsina aka fara ta a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta iso Zariya a 1949. Ƙananan jiragen da yara ke ɗaga kai suna kallo na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, wadda aka kafa a 1964. Sarkin Zazzau Shehu Idris ya hau a 1975, ya rasu ranar 20 ga Satumba 2020 bayan shekara 45 a kan karaga, aka naɗa Mai Martaba Ahmad Nuhu Bamalli ranar 7 ga Oktoba 2020.

Daga nan ka shiga na jiha da na ƙasa. Ranar 27 ga Mayu 1967 aka ƙirƙiro jihohi goma sha biyu, muka faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya tare da Katsina, a 1976 aka maida sunanta Kaduna, ranar 23 ga Satumba 1987 Katsina ta samu tata. Ranar 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Ranar 1 ga Janairu 1914 aka haɗe Arewa da Kudu. Ranar 13 ga Maris 1957 sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri. Ranar 1 ga Oktoba 1960, wata Asabar, aka samu 'yancin kai. Ranar 2 ga Afrilu 1972 motoci suka bar hannun hagu suka koma dama. Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja, kuma a wannan shafin nakan ƙara wa yara cewa sunan daga zuriyar Zazzau ya fito: bayan Sarki Muhammadu Makau ya bar birnin nan lokacin jihadi ya yi kudu, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja.

Kowace rana sai ka same ta a wuri biyu da ba kwafar juna suka yi ba kafin ta samu biro. Wannan na nanata shi saboda saƙonnin da ke yawo a waya da wasu kalandun bango, inda mutum ɗaya zai yi kuskure, dubu su kwafa. Tsohuwar jarida da littafin tarihi da masana suka rubuta sun fi abin dogaro. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim yana Samaru, Arewa House yana Kaduna, kuma in kana da tsohon ɗalibi ko aboki a sashen tarihi na jami'a, ka riƙe shi da kyau.

Abin da yake da shekara amma ba shi da rana, ka rubuta shi a shafin farko na watan, ko ka ajiye shi don ranar da shafinta ba kowa. Abin da ba shi da ko shekara tabbatacciya, kada ka ƙaga masa. Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku ita ce babban misali: masana sun yi saɓani a kan zamaninta, da yawa suna sa ta a ƙarni na 16, kuma babu wata rubutacciyar ranar haihuwarta. Ka ba da labarinta da na ganuwa da Turunku da Kufena, ka ce ga abin da aka gada a baki, ga abin da masana suka ce. Yara suna fahimtar wannan sarai, har ma sukan fi girmama malamin da ya bambance musu.

Wasu ranakun masu ɗaci ne. Ranar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kuma ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas aka kashe shi. A rana irin wannan a 1970 yaƙin basasa ya ƙare. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammad. Zariya gari ne na kowa, a aji ɗaya za ka samu ɗan Kwarbai da ɗan Wusasa da ɗan Sabon Gari da iyayensa suka zo daga kudu. Ka faɗi abin da ya faru, ka faɗi wanda aka rasa da aikin da ya bari, a yi addu'a, kada ka ɗora wa wata ƙabila laifin wasu mutane. Idan ka ga bakinka ba zai iya tsayawa a nan ba ranar, gara ka ɗauki wani abu daga shafin.

Shafuka goma sha biyu na ƙarshe kuwa, ga amfaninsu. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kwana goma ko sha ɗaya, don haka Badar ta 17 ga Ramadan ko Ashura ta 10 ga Muharram ba za su zauna a shafi ɗaya na Miladiyya ba. Ka rubuta su a nasu wurin, kowace safiya ka duba ɓangarorin biyu. A kan kowane wata ka sa sunan da Hausawa ke kiransa da shi: Muharram watan cika-ciki, Rajab azumin tsofaffi, Sha'aban sha-ruwan tsofaffi, Zulƙida bawan salloli. Yara da yawa ba su taɓa jin waɗannan ba sai a aji.

Ranakun haihuwa

Na shugabanni suna da sauƙin samu. Malam Aminu Kano 9 ga Agusta 1920, rasuwarsa 17 ga Afrilu 1983. Alhaji Shehu Shagari 25 ga Fabrairu 1925. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, 19 ga Oktoba 1934. Janar Murtala 8 ga Nuwamba 1938. Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa 16 ga Agusta 1951. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo 15 ga Disamba 1754 a Maratta, rasuwarsa 20 ga Afrilu 1817. Amma ko a nan sai da lura. Sardauna ana ba da 12 ga Yuni, wasu littattafai su ce 1910, wasu 1909, to ka faɗi biyun. Tafawa Ɓalewa Disambar 1912 ake rubutawa ba tare da rana ba, ka bar shi haka.

Kada ka karanto suna da lamba ka wuce. Jimla biyu a kan abin da mutumin ya yi sun fi jerin muƙamansa. Kuma kada shafukan su zama na masu mulki kaɗai, ka nemi malamai da likitoci da mata da 'yan wasa da masu sana'a.

Iyayenmu da kakanninmu ba su rubuta ranar haihuwa ba, amma sun adana ta a suna. Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe, kowanne ya faɗi ranarsa. Azumi da Ɗan'azumi sun faɗi wata, Sallau da Tasalla sun faɗi Sallah, Marka ta faɗi tsakiyar damina. Gambo ya biyo tagwaye, Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza. Shekara kuma da abin da ya faru ake riƙe ta. Tsohuwa za ta ce, "An haifi babanka shekarar da aka canja kuɗi", wato 1973. Ko shekarar canjin hannu, 1972. Ko shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo aka yi mata hawa a Kaduna, 1956. Ka tura yara su tambayo: "Kaka, me aka yi a gari shekarar da aka haife ki?" Su kawo amsa, ku buɗe littafi tare ku lalubo shekarar. Na ga yarinyar da ta haɗa sunan kakarta Lami da labarin zuwan Sarauniya, ta koma gida ta gaya mata an haife ta ranar Alhamis a 1956. Ta ce tsohuwar sai da ta sa aka maimaita mata.

Tambayar tafiya gida

Wannan gajera ce, kuma ba a amsa ta sai gobe. Ka zaɓi wadda amsarta ke bakin mutanen gari. Gidajen sarautar Zazzau guda nawa ne? Huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Su wane ne masu zaɓen sarki? Waziri, Fagaci, Makama Ƙarami, Limamin Juma'a da Limamin Kona. Kawo ƙofofin birni biyar, sai ka ji Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kibo, Ƙofar Kona, wani ya ƙaro Tukur-Tukur da Jatau da Bai da Galadima. Hoton wa ke jikin naira ɗari biyu? Su wa ke jikin dubu? Shugabannin ƙasa nawa suka yi Barewa? Biyar, amma ka ƙara musu da cewa Tafawa Ɓalewa ya yi ta tana Katsina, Shagari tana Kaduna, Gowon da Murtala da 'Yar'aduwa ne suka yi ta a Zariya. Ranar Juma'a nakan sauya da kacici-kacici, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, baba na ɗaka gemu na waje, don a tashi da raha.

A gaban aji

Ka ja layi a kusurwar allo ta dama, ka roƙi sauran malamai kada a goge wurin sai an tashi. Ka rubuta tun kafin yara su shigo. Minti ɗaya ga amsar jiya, biyu ga kalma, ɗaya ga tarihi, ɗaya ga sara da sabuwar tambaya. Kada ka zarce ka ci lokacin mai darasin farko, don ranar da ya kai ƙara ofis, aikin ya mutu. Bayan mako biyu ko uku ka fara miƙa wa ɗalibai karantawa bi da bi, har da masu jin kunya, su ma a ba su jimla ɗaya. Kowane yaro ya ware bayan littafinsa na Hausa yana kwafa. Ranar Juma'a a rufe littafi, kowa ya gina jimla da ɗaya daga kalmomin makon.

Shekarar farko shafuka da yawa za su zauna fayau, musamman wajen tarihi. Kada wannan ya sa ka cusa abin da ba ka tabbatar ba. Ranar da babu tarihi, kalma da tambaya sun isa. Aikin kamar adashi yake, kullum ana zuba kaɗan, ɗauka sai daga baya. Shafukan Asabar da Lahadi da na hutu su ma ka cika su, don baɗi wasunsu za su faɗo ranar makaranta. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, kusan kullum cikin dogon hutu take zuwa, sai ka ambace ta a makon ƙarshe na zango, ka ba su aikin tattaro kalma goma daga ƙauyen da za su je. Ranar harshen uwa ta 21 ga Fabrairu kuwa tana samunmu a makaranta, ita ce ranar da ya dace ka nemi shugaban makaranta ya ba ka taron safe gaba ɗaya.

A dogon hutu ka zauna ka bi littafin shafi-shafi. Abin da ke fensir, ko ka tabbatar da shi ko ka goge. Sarar da yara suka daina faɗa ka sa mata alama da shekarar da ta ɓace, kada ka soke ta. A shafin farko ka rubuta ma'anar fensir da biro da sauran alamominka, da sunayen littattafan da ka dogara da su, domin idan aka yi maka canjin wurin aiki, malamin da ya gaje ka ya iya ci gaba. Kafin ka tafi ka kai littafin wajen masu hoton takarda a yi maka kwafi, ka ɗauki kwafin, ka bar wa makarantar na asali.